Ranar da Ciwon Ya Gane

"Har yaushe maigidana zai riƙa shan ƙwayar nan?" ta tambayi likita a Damagaram.

"Ba ta da ranar gamawa, Inna. Sankarar huhun kaɗai take farauta. Kullum zai sha, har ranar da ciwon ya gane ta. Wani shekara yake samu, wani ya fi."

Ta riƙe maganar har suka koma ƙauyensu Ollelewa. Kowane manomi ya san tsuntsaye kan saba da mutum-mutumi, shi ya sa ake sake masa riga. Sai ta hana ambaton magani a gidan, kada ciwon ya ji ya gane. Yau ta ɓoye ƙwayar cikin dabino, gobe cikin curin fura, ta miƙa masa ba magana.

"Ke tsohuwa, sai ka ce sato ta muka yi," yakan ce da dariya.

Tarin ya kwanta. Damina biyu ya yi noma.

Wata safiya, can bayan rumbu, nesa da ɗakinsa, ta sa farce ta ɓalle ƙwayar a hankali. Takardar ta ce ƙas.

Daga ɗaki tari ya amsa. Ta leƙa. Barcinsa yake, bakinsa a rufe.