Awakin Badaru da Shingen Ramin Burji

Gonar Badaru ce ta ƙarshe kafin a gangara fadama, a wani ƙauye da ke kusa da Gezawa. Gadon mahaifinsa ce, ita ke ciyar da gidansa kaf. A kan iyakarta akwai wata tsamiya da tsohon ya dasa da hannunsa.

Shekarun baya masu aikin titi suka haƙi burji a bakin fadamar, suka kwashi abin da suke so, suka bar ƙaton rami baki buɗe. Tun daga nan ruwa ya daina kwanciya. Tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya suka ƙaura, kifin gaiwa ya ɓace daga taɓo, kuma kowace damina gaɓar ramin sai ta ƙara matsowa gonakin mutane.

Shago, maƙwabcin Badaru a gona kuma abokinsa tun suna wasan ƙasa, shi ya tara jama'a. Aka yi gayya, Musulmi da Kirista, aka dasa ciyawar jema layi-layi a gaɓar ramin don saiwarta ta riƙe ƙasa, aka sa bagaruwa da gawo, aka kewaye wurin da shingen ƙaya. Mai unguwa ya kafa sharaɗi ɗaya tak: har rani uku, kada wanda ya saki dabba ta wannan gefen.

Nan fa aka taɓa Badaru. Ba mugu ba ne, ya ma yi gayyar da guminsa, sai dai mutum ne da in ya ce haka ya taso ya gani, to an gama magana. A ƙauyen, da damina ake ɗaure dabbobi, da an cire amfanin gona a sake su su yi kiwo inda suka ga dama. Kaka ta wuce, harawarsa ta fara ƙarewa, awakinsa na ta kuka a turke, ga kuma ciyawa shar a cikin shinge tana kallonsa.

Matarsa Hure ta ce ya yi haƙuri, za ta riƙa haɗa musu da dusa da ɓawon wake. Ya ce shi bai taɓa jin inda aka ɗaure akuya da rani ba, sai a wannan zamani na ƙa'idoji. Da hantsi, ido na ganin ido, ya sa sanda ya janye ƙayar da ke daidai gonarsa, ya kora awakinsa ciki.

Shago ya same shi a wurin. Bai ɗaga murya ba.

"Badaru, wannan jemar ba gonata take tsarewa ba. Gonarka ce a bakin ramin."

"Ciyawa ce fa, Shago. In ruwa ya sauka za ta toho."

Da aka ga awakin Badaru a ciki, sai kowa ya kwance nasa, don ba wanda ke son a ce shi kaɗai ne wawa. Kafin mako biyu an cinye jemar har ƙasa, an tumɓuke wadda ba ta gama kamawa ba, 'yan itatuwan sun koma tsinke. Shago ya ja sabon shinge ya tsare abin da ya rage ta ɓangarensa.

A watan Agusta, gero ya fitar da kai, aka wuni ana tafka ruwa. Da aka ɗauke da la'asar Badaru ya fita duba gona, ya tarar da fiye da rabinta ta rufta cikin ramin. Geron na kwance cikin jan laka. Tsamiyar mahaifinsa ta kife, saiwoyinta a sama.

Ya ɗaga kai ya duba gefe. Can ɓangaren Shago, gaɓar ba ta ko motsa ba. Ruwa ya kwanta a gindin jema, kwaɗi na kuka, har wasu kirinjijiya guda huɗu sun sauka suna wanka. Wannan ya fi komai ci masa rai, don a gayyar nan shi ma ya dasa irin wannan layin a gefensa.

A wannan shekarar, hatsin gidan bai kai tsakiyar rani ba. Awakin da ya ƙi ɗaurewa, ɗaya bayan ɗaya ya ja su kasuwa, aka ci kuɗinsu a tuwo. Hure ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi samun sauƙi.

Da damina ta zagayo, ya je wurin Shago kansa a ƙasa, ya roƙi irin jema. Shago ya tono masa dami guda, ya ɗora masa a ka.

"Dasa, za ta riƙe maka abin da ya rage," in ji shi. "Wanda ya tafi kam, ya tafi."

Jama'a, wurin da aka killace don ya farfaɗo, a bar shi ya farfaɗo. Al'adar da ta dace da ƙasa lokacin da take da lafiya, tana iya ƙarasa ta lokacin da take jinya, kuma wanda ya fara buɗe shinge shi ɓarnar ke fara samu.