Kurciyar Ɗan Italiya

Ana jibi bikin Ista firji mai kananzir ya tsaya, zafin bazarar Kazaure ya kashe kullun tsami mai kumbura burodi da ke cikin kwalba. Kuku ya shinshina, ya yi tsaki.

Maigidansa, Baturen Italiya mai shimfiɗa kwalta, daga hannun uwarsa ya karɓo kullun nan. Ƙato da gemu, yana ba shi gari da ruwa kamar mai renon jinjiri! Da shi ake burodin sallarsu mai siffar kurciya, ya kuma sha faɗa: "Ranar da ya mutu, aikinka ya mutu."

To, wanda ya ga yunwar fari ya tsira, kwalba ce za ta kore shi? Kuku ya hau keke sai gidansa a Roni, wurin matarsa.

"Ke, ɗebo min kullun wainarki."

"Malam, Bature zai ci waina?"

"Zai ci, har ya gode wa uwarsa."

Ya wanke kwalba, ya zuba, ya ƙara fulawa. Ran biki kurciya ta fito daga wuta a kumbure, sukari na ƙyalli a fukafukanta. Bature ya gutsura, ya lumshe ido, sai hawaye.

"Hannun mama ke nan. Ku nan ba za ku gane wannan ɗanɗano ba."

"Ina mu ina ganewa, Maigida."

Da aikin titi ya ƙare, Bature ya naɗe kwalbar a tawul, ya rungume ta har jirgi. Jikokinsa na can suna cin tsamin wainar Roni, suna sa wa uwar kakansu albarka.