Tsakuwa a Farin Akwati

Akwatin da suka miƙa wa surukata a tashar jirgin ƙasa bai kai nauyin kwanon shinkafa ba. Wai tokar gawar mijina ce, daga yaƙin tsibiran kudu.

Mata ne a jere ƙarƙashin tutar Japan, kowacce rungume da nata. Mai unguwa ya riga ya ja mana kunne: ba kuka, ba buɗewa. Wadda ta zubar da hawaye ta ci amanar ƙasa, kuma gidanta ya rasa rabon shinkafa.

"Iya, sunkuya ki yi godiya," in ji wani hafsan soja. "Ɗanki ya samu ɗaukaka."

"Inna, ki rufa mana asiri," na raɗa mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta kai akwatin kunnenta, ta girgiza. Ƙwal, ƙwal. Tsakuwa ce guda.

"Yaro," ta ce masa, "ni dai mutum na ba ku."

Ya dafa takobinsa.

Sai daga ƙarshen layi wata ta girgiza nata, akwatin ya amsa ƙwal, ƙwal, na kusa da shi ma ya ɗauka. Ranar babu wadda ta karya doka. Duwatsun ne suka yi mana kukan.