Sau Uku Filibus Ya Tambaya

Tun ranar da aka yi shela cewa ma'aikatan gwamnati za su zo jin ra'ayin jama'a kan sababbin gidaje, Aƙilu mahauci bai ƙara cin tuwo da daɗi ba. Zamanin kuɗin mai ne, Sakkwato sai faɗi take yi, an ce gidajen ma'aikata za a jera a gabashin ƙauyensu, nan bayan Dundaye. A gabas ɗin kuwa akwai wani ɗan tudu mai bishiyar aduwa guda, inda 'yarsa Ni'imatu take kwance.

Shekara tara ke nan. Da damina ƙyanda ta shiga unguwar mahauta, fadama ta cika ta batse, babu halin ƙetarawa zuwa maƙabarta. Dole aka rufe yara goma sha ɗaya a kan tudun nan. Kun dai san kabarinmu, ba dutse ba rubutu, sai tsingaro da ƙaya. Ruwa ya baje ƙasar, awaki suka watsar da tsingaron. Baƙo in ya gani fili zai ce, mutanen cikin gari ma da yawa sun manta.

Da safen ranar taro, matarsa Kulu ta tare shi a zaure. Ta ce, "Ka hwaɗa musu ɗiyarmu na nan. In kai ba ka hwaɗi ba, wa za shi hwaɗi?" Ya ce mata ta kwantar da hankalinta.

Aka taru a ƙofar gidan mai gari Abdulwahabu. Tun kafin baƙi su iso ya ja kunnen kowa: mulkin soja ake yi, kada wani mai dogon baki ya ja wa gari fitina. Aka zauna yadda aka saba, malamai da dattawa a gaba, manoma a bayansu, mahauta can ƙarshe jikin katanga. A garin nan mahauci ba ya riga na gaba da shi magana. Ga kuma soja guda ya jingina da motar gwamnati. Bawan Allah gyaɗarsa kawai yake ci, amma kowa ya dube shi sai ya haɗiye yawu.

Wanda ya zo da aikin wani safiyo ne mai awon ƙasa, Filibus, mutumin Jos. Ya shimfiɗa taswira, da ya lura ba mai gane ta sai ya naɗe abarsa ya nuna da hannu: daga rijiyar gabas har aduwar can. Ya tambaya ko akwai gona, ko burtali, ko kushewa a wurin. Ya ce yau da fensir aka ja layin, ana iya gogewa, amma in takarda ta shiga ofis ta fi ƙarfinsa.

Aƙilu ya dubi maƙwabcinsa Arzika, wanda 'ya'yansa biyu ke tudun. Arzika ya sunkuyar da kai, yana jiran Aƙilu ya fara.

Filibus ya sake tambaya. A tambaya ta uku har Aƙilu ya yunƙura ya kafa gwiwa ɗaya, sai idon mai gari ya faɗo kansa. Nan take ya yi kamar zama yake gyarawa.

Mai gari ya ce, "Ba komi wurin, ranka shi daɗe. Hili na."

Aka shafa fatiha aka watse. Da Kulu ta tambaye shi, sai ya ce manya sun san da maganar. Ƙarya ce, shi ma ya sani, amma ya lallaɓa zuciyarsa da cewa aikin gwamnati ba ya zuwa da wuri, wataƙila ma a fasa.

Ba a fasa ba. Wata huɗu bayan haka, yana tsakiyar fiɗa da hantsi, ya ji rugugin katafila daga gabas. Ya yar da wuƙa ya sheƙa a guje, hannunsa duk jini.

Ya tarar aduwa a ƙasa, tudun babu shi, an tura ƙasarsa cikin kwari. Direba ya kashe inji yana ta salati, don ya ga abin da ƙarfen ya tono. Kulu ta riga shi zuwa, tana durƙushe tana tsince ƙananan ƙasusuwa tana sawa a mayafinta.

Aka kira Filibus. Ya cire hularsa, idonsa ya yi ja. Ya dubi Aƙilu ya ce, "Baba, sau uku na tambaya. Kana wurin?"

"Ina nan."

"Da hannu kawai ka ɗaga, taku hamsin zan matsar da layin."

Aka tattara abin da aka samu, ba wanda ya san na wane ne, aka kai maƙabarta aka rufe su a rami ɗaya. Kulu ba ta yi kururuwa ba. A hanyar komawa gida ta dubi Aƙilu ta ce, "Ka ce mini manya sun sani."

Gidajen sun tashi, an shafa musu fenti, ma'aikata sun tare. Aƙilu ya canza hanyar zuwa kasuwa, don ba ya iya bi ta gabansu.

Jama'a, in an kira ku shawara kan garinku, ku faɗi abin da kuka sani tun layin yana na fensir, ko a ƙarshen taro aka zaunar da ku. Ku kuma shugabanni, wanda kuka hana magana wataƙila shi kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasar.