Itacen Jego

A mararraba ya tsai da jakinsa. Dama da shi kurmin da ya tashi yana saran itace ne, kafin hantsi ya je ya dawo. Amma bara Bature ya kafa masa turaku ya ce gandun daji ne, aka tara magidanta gaban dagaci, kowa ya dafa Alƙur'ani ba zai sa gatari ciki ba. Hagu kuwa dajin can bayan Yashe ne, inda itace ba shi da mai shi, sai dai a kwana biyu.

Kwanan matarsa tara da haihuwa. Da safe, kafin ya fito, ungozoma ta tare shi a zaure.

"Malam, itace ya ƙare. Jiya da kara na ɗumama ruwan wanka, ga maijego duk ta kumbura."

"Ai na yi rantsuwa kan gandun, Inna."

"Rantsuwar ce za ta tafasa ruwan?"

Yanzu ga shi a mararrabar, busasshen marke na kwance bayan turakun, ba kowa a wurin. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kora jakin hagu.

Ran na uku ya dawo, jaki na nishi. Ya iske tabarmi a ƙofar gida, maza zazzaune. Yayansa ya taso ya kama hannunsa.

"Sai haƙuri. Jiya da azahar muka kai maijego makwancinta."

Ya dubi kayan jakin. "Itacen kabari fa, ina kuka samu?"

"A gandun. Malamin daji da kansa ya nuna mana inda za mu sara. Ya ce dokar ba ta shafi mamaci ba."