Baitin Bawa Mai Fito

Gwaggo Ladidi ta dire rediyonta a teburin Sallau mai gyara, tana yatsine fuska kamar ta ɗauko mushe.

"Ya lalace. A waƙar marigayi Jatau Mai Gurmi akwai baitin da yake wasa maigidana, marigayi Bawa mai fito, wanda ya ƙetarar da shi kogi ranar ambaliya. Yanzu babu."

Sallau ya kamo shirin tsofaffin waƙoƙi na Zinariyar Jiya. Muryar Jatau ta fito tar: "Sallau gwanin gyara, sha lemonmu ka huta!" Ya washe baki.

"Lafiyarsa ƙalau, Gwaggo. Tun bara duk tashoshi haka suke yi da na'urar kwaikwayon murya: wanda ke saurare, shi mawaƙin ke wasawa. Ke ba ya kiranki?"

"Yana kirana, har da tallar man ciwon gwiwa. Mutumin da bai taɓa sanina ba." Ta tofar da yawu. "Mayar min da Bawa."

"Ai sai mai saurare, Gwaggo. Shi kuwa ya riga mu gidan gaskiya."

Ta bar masa rediyon. A hanya ta fara rera baitin da kanta, sai ta tsinci bakinta yana tallar man gwiwa.