Mai Tsire da Hancin Matarsa

An yi wani mai tsire a bakin kasuwa, wanda matarsa kan gane ya dawo tun yana zaure, saboda ƙamshin hayaƙi da ƙuli-ƙuli da ya kama rigarsa. Takan karɓi rigar ta sansana kafin ta rataye, ta ce duk turaren garin nan babu kamar wannan. Shi kuwa bawan Allah sai kansa ya yi ta kumbura. Ana nan, ran nan ya shigo da ƙunshin tsirenta kamar kullum, sai ta toshe hanci da gefen zane ta yi bayan ɗaki da gudu. Washegari ma haka. Ya zargi naman, ya sake mahauci. Ya zargi yajin, ya rage citta. Ya koma yin wanka kafin ya shigo, har ya sayi turare ya shafa, wannan kuwa ya fi komai tayar mata da zuciya. Abin da ya ƙarasa karya masa gwiwa shi ne ranar da ya same ta ta yayyafa wa sabuwar randa ruwa, ta kifa fuska a kai tana shaƙar ƙamshin ƙasa, ido a lumshe. Ya tambaye ta ko ya yi mata wani laifi, ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Sai ya sa a ransa so ne ya ƙare, ya shiga rama, domin yana ƙaunarta ƙwarai.

Da abin ya ishe shi, ya tafi wurin gwaggonsa wadda ta raine shi, ya roƙe ta ta je ta ba matar haƙuri, ko da yake bai san laifinsa ba. Tsohuwa ta saurare shi har ya kawo kan randa, sannan ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Kai ɗan nan, ka iya gashi amma ba ka iya zaman gida ba. Tsirenka na nan yadda yake, hancinta ma shi ne na jiya. Ai hanci ɗan aike ne, abin da jiki ya aike shi shi yake kawowa. Ƙamshin miyar da ke janyo ka kana jin yunwa, in ka ƙoshi ko waiwaya kana yi? Ita yanzu akwai ɗan baƙon da ke aiken nata, kunyar cikin fari ce ta rufe mata baki."

Dama shi da matarsa sun daɗe suna roƙon Allah haihuwa. Mai tsire ya miƙe zai tafi, sai ya koma ya zauna yana dariya yana share ido. Watannin da suka biyo baya a ƙofar gida yake cin abincinsa shi kaɗai, kuma tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa korar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba. Gaskiyar masu iya magana ce da suka ce wani hani ga Allah baiwa ne.